Minti Biyun Goggo Kalolaine

Turancin farko da ya shiga kaina, Goggo Kalolaine ce ta cusa shi da rula. Ƙanwar babana ce, shekara ashirin da biyu ta yi tana koyarwa a firamaren tsibirinmu, ɗaya daga cikin tsibiran Ha'apai, can tsakiyar teku. Duk wanda ya bi ta ajinta, ko yau ka tsayar da shi a hanya zai rera maka jerin nan nata guda uku. Kalmomin aiki ne na Turanci, ta raba su gida-gida ta raɗa musu suna. Akwai masu jela, waɗanda duk aikin da ya biyo bayansu sai an liƙa masa "ing" a gindi, irin su jin daɗi da gamawa da gujewa. Akwai masu ɗan rakiya, waɗanda sai an sa "to" a tsakani, irin su so da yanke shawara da yin alkawari. Sai gida na uku masu karɓar kowanne, su take kira munafukai. Ka sa mai jela a gidan masu rakiya, rula biyu ce a tafin hannu. Ni na fi kowa sha, don kada a ce tana ɗaga wa 'yar wanta ƙafa.

Duk da rular, jerin bai zauna mini ba. Na bar makaranta da wuri, na auri Finau, muka bar ƙasarmu muka zo nan garin Mildura aikin inabi. Shekara tara ina rumfar da ake jera inabi a kwali, tsakanin Girkawa da Indiyawa da mutanen Biyetnam, inji yana ruri, kowa yana ihu da Turancin da ya tsinta a hanya. Can na koyi nawa. Ba jela ba rakiya, abin da ya zo bakina shi nake jefawa, kuma ana gane ni. Da lokacin jarrabawar Turanci ya yi, wadda sai da ita za a ba ni takardar zama na dindindin, na shiga na zazzaga wa mai tambayar surutu har sai da ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka. Na ci. Da ƙyar ne, amma na ci, har na ji kunyar gaya wa Goggo a waya.

Shekarar da teku ya hau tsibirinmu ya kwashe gidanta har da akwatin littattafanta, muka nema mata aiki a wani gidan kula da tsofaffi a nan garin. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba, babana ma ya riga ya tafi. Takardar izinin zama ta shekara huɗu aka ba ta. Masu gidan suka ce in ta ci jarrabawar nan kafin takardar ta ƙare za su tsaya mata ta zauna, in ba ta ci ba kuwa sai jirgi. Jirgin kuma ba inda zai kai ta sai wani fili mai yashi da ginshiƙan siminti huɗu, ragowar gidanta.

Ranar da ta iso muka kwashe kayanmu daga babban ɗaki muka koma na yara. Na ja kunnen 'ya'yana: kada wanda ya hau gadonta, kada wanda ya taɓa sauran abincinta, kada wanda ya tsaya a kanta tana zaune. 'Yar'uwar uba ce. Abin da ta gani a gidana ta ce tana so ya zama nata, in ta yi magana kuma ba a ɗora wata a kai. Haka na tashi na tarar, ban kuma taɓa jin nauyinsa ba sai da jarrabawar nan ta shigo mana gida.

Kashi huɗu ce jarrabawar: karatu, rubutu, saurare, sai magana baki da baki. Goggo ta sayi sabon littafin rubutu ta sake zubo jerinta uku daga ka, ba ta manta ko ɗaya ba, ta ja musu layi da jan biro. Sau biyu ta shiga. A karatu da rubutu da saurare ta ci makin da ko a mafarki ban isa in gani ba. A magana rabin maki ya hana ta, duka sau biyun.

Na farko ta ce, “Wani ɗan yaro aka sa mini, da ɗan kunne a kunnensa. Wannan me ya sani?”

Na biyu ta ce matar da aka sa mata mura take yi, ba ta ji da kyau.

Muka ce haka ne, Goggo.

Da saura wata biyar takardar ta ƙare, ta sa rana ta uku, ta ƙarshe ke nan. Kullum ta dawo aiki da la'asar, ta cire takalmi ta sha shayi, sai ta kira ni. “Ke Lesieli, zo ki zama mai tambaya.” Ta zauna a kujerar falo, ni in zauna a ƙasa, don ba zan haɗa kafaɗa da ita ba ko da wasa ne. A jarrabawar akwai inda ake ba mutum batu a ce ya yi magana minti biyu ba tsayawa. Muna da ɗan agogon kicin mai siffar kaza, a murɗa ta ta yi ta ƙas-ƙas har ta buga ƙararrawa. Ita nake murɗawa in ajiye a tsakaninmu.

“Ba ni labarin wani wuri da kike son zuwa,” in ce mata da Turancina na rumfar inabi. Sai ta gyara mini tambayar tukuna.

Sannan ta gyara zama, ta sauke ido kan gwiwarta, yadda mace mai mutunci take yi a gaban baƙo mai muƙami. Ta faɗi jimla ɗaya, tsaf kamar a littafi. Ta kama ta biyu, ta iso kan kalmar aiki, sai ta tsaya cak. Ina kallon leɓenta yana motsi, tana bin jerin daga sama har ta iso gidan kalmar, sannan ta fito da ita da jelarta ko da ɗan rakiyarta. Jimla biyar ko shida, ta naɗe hannu. In na duba kazar, sakan arba'in. Sauran lokacin sai mu zauna shiru muna sauraren ƙas-ƙas. In na yi mata tambayar da amsarta “i” ce, gira kawai take ɗagawa kamar yadda muke yi a gida, bakin ba ya motsi.

Kazar na bugawa sai ta ce, “Akwai kuskure?”

“Babu, Goggo.”

Kuma babu ɗin. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, ko sau ɗaya. Abin da ta tambaya na amsa, na bar wanda ba ta tambaya ba yana kwance a tsakaninmu kusa da kazar.

Akwai wata Malama Rosetta, jikar Italiyawan da suka fara dasa inabi a yankin, tana koyar da baƙi Turanci kyauta a laburaren gari ranar Talata. Ita ta shirya ni lokacin tawa jarrabawar. Da dabara na ce wa Goggo ana neman wanda zai duba ko ajin yana da kyau, ta yarda ta je. Sau ɗaya ta je. Malama tana rubutu a allo, Goggo ta ɗaga hannu kamar ɗaliba, ta tashi ta karɓi alƙalamin ta goge wani ɗan rakiya ta sa jela, ta koma ta zauna. A mota ta ce mini, “Matar tana da kirki, amma ita ma makaranta take buƙata.” Ba ta ƙara takawa ba.

Bayan kwana biyu Malama ta ritsa ni a kasuwa wajen masu lemo.

“Lesieli, tsaya, ke nake nema. Goggon nan taki ta fi ni nahawu, na yarda, ko haushi ban ji ba. Amma na sa ta magana da wani ɗalibi na saurara. Haka take yi a jarrabawa?”

“Haka take yi.”

“To za ta sake faɗuwa. Ki gaya mata ta daina tsayawa. Ta kalli mutumin cikin ido ta yi ta zuba, ko shirme ne. Kuskure goma ba zai kayar da ita ba, shirun nan ne yake kayar da ita. Mai tambaya ba ya ba gira maki.”

“Ba zan iya ba, Malama.”

“Kamar yaya? Ba gida ɗaya kuke ba?”

“Goggona ce.”

“To sai me? Ni goggona kullum sai mun yi. Jiya ma na ce mata miyarta gishiri ya yi yawa, ta jefe ni da tsumma.”

Na yi dariya, don in ban yi ba kuka zan yi a gaban masu lemo. Ta riƙe mini hannu ta ce in yi mata alkawari. Na ɗaga mata gira. Ita ta ɗauka alkawari ne, ni kuwa so nake ta sake ni.

Na kai wa Finau maganar yana wanke mota. Ya kashe famfo ya dube ni.

“Ni? Ni da na auri 'yar wanta? Ke, kina so ta sa in kwana a gareji? Ko tari ba na yi in tana falo.”

“To haka za mu zuba ido?”

“Je ki wurin Fasto. Shi dai ba goggonsa ba ce.”

Na je, da kwandon doya. Fasto ya saurare ni yana kaɗa kai, ya ce abin yana da nauyi, malama ce babba, ita ta koyar da matarsa ma, amma in bar masa, ya san ta inda zai ɓullo. Ranar Lahadi ya hau mimbari ya yi awa guda a kan Musa, da ya ce wa Ubangiji harshensa yana da nauyi, aka ce masa ya je ya buɗe baki kawai. Ya yi ta nanatawa: buɗe baki, kada ka ji tsoron tuntuɓe. Har ya karanto ayar da Turanci saboda yara. Ni ina bayan Goggo ina zufa cikin tabarmar da muke ɗaurawa a ƙugu bisa al'ada don girmamawa.

Da muka fito ta ce, “Wa'azi ya yi kyau. Da matar mai ganga yake, shekara uku tana cikin mawaƙa ba a taɓa jin muryarta ba.” Ta ɗan yi tafiya ta ƙara da cewa, “Amma da yana bayani da Turanci ya sa mai jela a gidan rakiya. Ki tuna mini in gaya wa matarsa.”

Doyata ta tafi a banza ke nan.

Saura kwana uku jarrabawa na ce yau ko sama za ta faɗo sai na faɗa. Na dafa mata abin da ta fi so, naman gwangwani a naɗe cikin ganyen gwaza da madarar kwakwa. Na ɗaura tabarma a ƙugu kamar mai zuwa gaban sarauta, na kai mata ɗaki, na zauna a bakin ƙofa na tanƙwashe ƙafa. Tun safe nake jera maganar a raina.

“Goggo, ina da 'yar magana.”

“Ina ji.”

Littafin yana kan cinyarta. Ba ta dube ni ba, hannuwanta take kallo. Sun tsattsage saboda sabulu da safar roba, yatsun da na sani da farin alli. Kafin in buɗe baki ta ce, “Yau wata yarinya a wurin aiki, ko shekara ashirin ba ta kai ba, ta tsaya a kaina tana koya mini yadda ake juya tsoho a gado. A gaban mutane. Na ce mata na gode. Can kowa gyara mini yake, Lesieli. Yadda zan riƙe cokali, yadda zan naɗe tawul.” Ta shafa bangon littafin. “Wannan ne kaɗai ya rage mini da ba mai gyara mini shi. Ruwa ya tafi da komai, bai tafi da wannan ba. Me kike cewa?”

Na dubi littafin, na dubi hannun. Maganar da na jera tun safe ta watse.

“Dama cewa zan yi Allah ya ba da sa'a.”

“Amin. Kin cika gishiri a abincin nan.”

Na koma kicin na tsaya gaban murhu ina jin haushin kaina, ina jin haushinta, ina jin haushin babana da ya mutu ya bar ni da ƙanwarsa. Na gaya wa kaina tausayi ne ya hana ni. Tausayin yana ciki, ban musa ba. Amma tsoro ya fi shi yawa, da kuma wani abu da ya fi tsoron muni: daɗin zama yarinyar kirki da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Mata a coci suna misali da ni, kuma ina so.

Ni na kai ta ranar jarrabawa. Ta fito fuska a sake ta ce, “Ko kuskure ɗaya ban yi ba. Dattijo ne wannan karon, mai furfura, na ba shi girmansa.” Nan take na san me girman yake nufi: ido a ƙasa da jimla biyar. Bayan sati biyu sakamako ya fito. Rabin makin nan dai. Masu gidan tsofaffi suka ce sun yi baƙin ciki ƙwarai, amma lokacin shigar da takardu ya ƙure, suka haɗa mata da kati da furanni.

Goggo ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce komai game da dattijon ba. Ta shiga haɗa kaya. Ana jibi za ta tafi ta ce za ta mai da wasu littattafai laburare, ta ƙi in kai ta, ta hau bas. Talata ce, ban lura ba sai daga baya. Ta dawo ta wuce ɗaki, ba ta ci abinci ba.

Washegari aka yi walimar sallama. An gasa alade biyu a bayan gida, mutanen coci sun cika falo da tsakar gida, Fasto yana kujerar kusa da tata. A tsakiyar falo an tara abin da dangi suka kawo mata, tabarmi masu laushi, barguna, katan-katan na naman gwangwani, har da injin ɗinkina da ta taɓa yabawa. Ina kicin ni kaɗai, gwaza tana kan wuta, na murɗa kazar minti biyar don in sauke. Sai na ji an rufe ƙofa a bayana.

Goggo ce. Shekara huɗu a gidana ba ta taɓa taka kicin ba, ba wurinta ba ne. Na durƙusa da sauri da ludayi a hannu.

“Tashi,” ta ce. Da Turanci ta faɗa.

Ban taɓa jin ta yi mini Turanci ba sai a aji ko gaban kaza. Daga baya na gane dalili. Da harshenmu mace irinta ba ta ɗaga murya a kan na ƙasa da ita, kalmomin ma ba za su ba ta hanya ba, ga tsofaffin coci kuma a bayan ƙofa. Turanci kuwa ba shi da goggo, ba shi da 'yar wa.

“Na ga malamarki jiya. Ta rungume ni tana ba ni haƙuri. Ta ce ta ɗauka kin gaya mini tun wata huɗu da suka wuce. Wata huɗu! Kin sani. Mijinki ya sani. Fasto ya sani, ashe Musan nan ni ce, ina zaune ina kaɗa kai kamar sakarya ina kallon matar mai ganga. Duk garin nan an sani sai ni. Kullum ki zauna a ƙasa ki murɗa wannan abar, ki dube ni ina nutsewa, ki ce babu, Goggo. Babu, Goggo! Kin san abin da nake yi a gidan can? Kashin mutane nake kwashewa. Akwai wani tsoho da yake tofa mini abinci a fuska yana kirana da sunan karensa, ina gogewa ina murmushi, ina cewa saura kaɗan, Kalolaine, saura kaɗan ki samu ɗaki naki da ƙofa. Shekara huɗu. Yanzu ina za ni? Ɗakin ajiyar kujeru na cocin tsibirinmu, can aka ce za a sa mini katifa. Ni da na koyar da rabin tsibirin.”

Idonta yana cikin nawa, bai sauka ba. Hannunta yana yawo a iska. Ba ta tsaya neman gidan kowace kalma ba, suna fitowa suna ture juna.

“Kina tsammanin daɗi nake ji da nake dukan hannunki? Na dake ki ne don kada ki fita duniya da kuskure a baki a yi miki dariya. Kina kuka, ni ma in koma gida in kasa cin abinci, amma washegari in sake, don ke tawa ce. Ke kuwa da naki lokacin ya zo kika zaɓi ki zama mai ladabi. Da kin faɗa, da na zage ki, i, da na yi wata guda ban kula ki ba, da na gaya wa duk coci 'yar wana ba ta da tarbiyya. To sai me? Ba za ki iya ɗaukar zagin wata ɗaya saboda ni ba? Ni rula ashirin da biyu na karya saboda ku!”

Kazar ta buga ƙararrawa. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ci gaba, ta shiga zancen babana, yadda ya taɓa ɗaukarta a kafaɗa ya ƙetare ruwa da ita zuwa makaranta, yadda shi kaɗai ne ya taɓa ce mata ba ta da gaskiya, a ɓoye, a bayan coci, ta kuma gode masa har ya mutu. Gwaza ta kama ƙauri a tukunya, ban motsa ba. Ina tsaye ina jin abin da na yi wata biyar ina roƙon Allah in ji, yana zubo mini a ka.

Da numfashinta ya ƙare ta dafa teburi. Waƙar mutanen coci tana shigowa daga falo. Ta dube ni ta yi wani guntun murmushi mara daɗi, ta koma harshenmu.

“To, mai tambaya. Akwai kuskure?”

Gatse take yi, na sani. Amma bakina ya riga ya buɗe.

“Akwai, Goggo. Huɗu na ƙirga. Masu jela biyu kin kai su gidan rakiya.” Na ajiye ludayin. “Kin wuce minti shida. Da haka kika yi musu, da kin ci.”

Na jira mari. Da ma ta yi, da na samu sauƙi. Ta daɗe tana kallon kazar a kan teburi. Sannan ta ɗauke ta, ta sa a aljihun rigarta, ta buɗe ƙofa ta koma falo ta zauna kusa da Fasto, aka ci gaba da waƙa.

Da aka zo rabon kaya ta ce ba ta ɗaukar komai. Mata suka yi ta roƙo, Finau ya durƙusa, Fasto ya sa baki. In Goggo ta bar gidan 'yar wanta hannu wofi, ai mu aka tozarta, kowa a falon ya san haka. Ta ce a hankali, yadda kowa zai ji, “Lesieli ta riga ta ba ni ladabi, ya cika mini akwati.” Mata suka ce kai, madalla da 'ya. Na sunkuyar da kai na karɓi yabon.

Da safe muka kai ta tashar bas. Littafin nan mai jan layi na tarar a kan gadonmu, ta bar shi, ban kuma san ko kyauta ce ko zubarwa ba. Yana cikin durowa, ban buɗe ba.

Shekara biyu ke nan. Tana ɗakin kujerun har yanzu, an dai sa mata taga. Duk ranar Asabar ina kiranta, don ba a daina kiran goggo. Tana ɗauka. In gaishe ta, ta amsa. Ta tambayi Finau, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta ce a gaida Fasto. Jimla biyar ko shida, tsaf, ba abin da za ka kama. Sai ta kashe.

Na daina duba fuskar wayar bayan ta ajiye. Na san abin da zan gani, sakan arba'in ne.